Yadda Ake Nazarin Gundumar da ke Kewayen Babban Birni a Amurka: Misali daga Fairfax

Kimanin rabin mutanen Amurka suna zaune ne a yankunan da suka kewaye manyan birane, inda gidaje da makarantu da kantuna da ofisoshi suka bazu a kan filayen da a da gonaki ne. Waɗannan yankuna suna ƙarƙashin gundumomi, waɗanda Amurkawa ke kira kaunti, kuma ƙasar tana da gundumomi da makamantansu fiye da 3,100. Ɗalibin da aka ba shi aikin rubutu a kan ɗaya daga cikinsu, da ma'aikacin da zai koma can da iyalinsa, da mai neman inda zai zuba jari, galibi abu ɗaya suke yi: su nemi yawan jama'a da matsakaicin samun kuɗi, su kwafe, su rufe shafin. A ganina wannan ne babban kuskure, domin adadi guda da aka ɗora wa gunduma baki ɗaya yakan rufe bambance-bambancen da su ne ainihin labarin wurin. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi gundumar yanki-yanki, a fara da iyakarta da ƙasarta, a zo kan mutanenta, sannan a kai ga kuɗinta, ana lura da yadda kowanne ya haifar da na gabansa. Zan yi misali da gundumar Fairfax ta jihar Virginia, wadda ke yamma da kudu maso yammacin birnin Washington, amma matakan za su yi maka aiki a kowace gunduma irinta.

Tabbatar da iyaka kafin komai

Wannan mataki yana kama da ƙarami, sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. A jihar Virginia, birane masu cin gashin kansu ba sa cikin kowace gunduma, ko da kuwa gundumar ta kewaye su ta kowace fuska. Saboda haka birnin Fairfax, wanda ke tsakiyar gundumar Fairfax kuma yake ɗauke da sunanta, yana da gwamnatinsa dabam da harajinsa dabam, kuma Hukumar Ƙidaya ta Amurka tana lissafa mutanensa dabam. Haka nan birnin Falls Church da birnin Alexandria. Su kuwa garuruwan Herndon da Vienna da Clifton suna cikin gundumar, ko da yake kowannensu yana da 'yar majalisarsa. Wurare kamar Reston da McLean da Annandale da Tysons, duk da shaharar sunayensu, ba su da magajin gari, gundumar ce ke tafiyar da su kai tsaye.

Adireshin gidan waya ma yana iya ruɗar da kai. Za ka ga ambulan an rubuta masa Alexandria ko Falls Church, alhali gidan da za a kai wasiƙar yana cikin gundumar Fairfax, can mai gidan ke biyan haraji, kuma makarantun gundumar 'ya'yansa ke zuwa. Hanyar kauce wa wannan ruɗani ita ce ka riƙe lambar da gwamnatin tarayya ta ba kowace gunduma, domin suna yana iya maimaituwa amma lamba ba ta maimaituwa. Lambar gundumar Fairfax ita ce 51059, ta birnin Fairfax kuwa 51600. Duk teburin alƙaluman da ka ɗauko, duba wace iyaka aka yi amfani da ita, domin wasu hukumomin tarayya sun daɗe suna haɗa gundumar da biranen Fairfax da Falls Church wuri ɗaya idan suna lissafin tattalin arziki.

Yana da amfani ka san cewa iyaka ma tana da tarihi. An kafa Fairfax a 1742, aka sa mata sunan Lord Thomas Fairfax, wani basaraken Ingila da ya mallaki filaye masu faɗi a yankin. A 1757 aka yanke gundumar Loudoun daga yammacinta, daga baya kuma aka yanke wani sashe na gabashinta aka shigar cikin yankin babban birnin tarayya, sashen da ya dawo wa Virginia kafin yaƙin basasar Amurka kuma yau mafi yawansa ake kira Arlington. Wanda zai kwatanta tsofaffin alƙaluma da sababbi dole ne ya san ko ƙasar da ake magana a kanta ba ta canja girma ba.

Karanta ƙasar kanta

Bayan iyaka sai taswira, kuma taswirar titi kaɗai ba ta wadatarwa. Nemi taswirar tudu da kwari ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, ka haɗa da taswirar ambaliya ta hukumar ba da agajin gaggawa, FEMA. Faɗin Fairfax ya ɗan haura murabba'in mil 400, kuma kogin Potomac ne ya yi mata iyaka ta arewa da ta kudu maso gabas. Abin da ya fi muhimmanci a taswirarta shi ne layin da ya raba tudun cikin ƙasa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, wanda ya bi kusan hanyar da babban titin I-95 ya bi. A yamma da wannan layi ƙasa ce mai tuddai da dutse a ƙarƙashi, kuma a wannan ɓangare ne Potomac ke faɗowa da ƙarfi ta kan duwatsu a wurin da ake kira Great Falls. A gabas da layin ƙasa ta kwanta, kogin ya buɗe har jiragen ruwa suna iya shigowa, shi ya sa tsofaffin gandayen masu hannu da shuni, irin su Mount Vernon na George Washington, suke wannan gefe.

Mai karatu zai iya cewa wannan ilimin aji ne kawai, amma yana taɓa aljihun magidanci kai tsaye. A kudu maso gabashin gundumar akwai wani irin yumɓu da ke kumbura idan ya sha ruwa, ya kuma tsuke idan ya bushe. Gidan da aka gina a kansa ba tare da harsashi mai kyau ba, bayan wasu shekaru sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangara bango, ƙofar ɗaki ta daina rufuwa daidai, dakalin ƙofar gida ya rabu da jikin ginin. Gundumar tana da taswirar nau'in ƙasa da kowa ke iya dubawa, kuma wanda zai sayi gida ya kamata ya duba ta kafin ya duba fentin bango. Rafuka ma haka suke. Unguwar Huntington, da ke gefen rafin Cameron Run, ta sha mummunar ambaliya a 2006, kuma sai daga baya aka gina mata shingen kare ruwa.

Sai ka tambayi inda mutane ke samun ruwan sha, domin amsar takan bayyana dalilin da wani yanki ya cika da gine-gine wani kuma ya kasance da sarari. Fairfax tana shan ruwa daga Potomac da kuma tafkin madatsar Occoquan da ke iyakarta ta kudu. A 1982 hukumomin gundumar suka taƙaita gini a wani babban sashe na ƙasar da ruwanta ke gangarawa tafkin, suka ce gida ɗaya kawai za a gina a kan kowace eka biyar. Wannan doka ce ta sa har yau kewayen Clifton yake da dazuzzuka da wuraren kiwon dawaki, alhali tafiyar mintoci kaɗan a mota za ta kai ka unguwanni masu cunkoso. Wanda ya raba yawan jama'ar gundumar da faɗinta zai samu kusan mutum 2,900 a kowane murabba'in mil, adadin da bai dace da Clifton ba, bai kuma dace da Tysons ba.

Bayan kogi, ba abin da ya tsara gundumar kewayen birni kamar titi. An buɗe filin jirgin sama na Dulles a 1962 a kan iyakar Fairfax da Loudoun, aka kammala babban titin da ya zagaye Washington, I-495, a 1964, kuma a wannan shekarar ce Robert Simon ya kafa garin Reston. Tysons kuwa, kafin wannan lokaci mararraba ce ta karkara inda hanya ta 7 ta haɗu da hanya ta 123. Da titin zagayen ya ratsa kusa da ita, sai aka buɗe katafariyar cibiyar kantuna a 1968, ofisoshi suka biyo baya, har ta zama cibiyar kasuwanci mafi girma a gundumar. Jirgin ƙasa na layin Silver ya iso Tysons da Reston a 2014, ya ƙarasa Dulles a 2022. Idan ka ɗora waɗannan shekaru a kan taswira, za ka ga unguwanni suna tsirowa bi da bi a gefen kowace sabuwar hanya.

Lissafin mutane

Akwai majiyoyi biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko ita ce ƙidayar da ake yi duk bayan shekara goma tun daga 1790, wadda ke ƙoƙarin lissafa kowa da kowa amma tambayoyinta kaɗan ne. Ta biyu ita ce binciken al'umma na shekara-shekara, wanda ake kira ACS a taƙaice, da ya fara aiki sosai a 2005. Shi ne ke ba da bayani a kan samun kuɗi da ilimi da harshen gida da ƙasar haihuwa da tsawon tafiya wurin aiki, amma wani kaso na gidaje kawai ake tambaya, don haka ƙiyasi ne. A gefen kowane adadi na wannan bincike akwai wani ƙaramin adadi mai alamar ƙari da ragi, wanda ke nuna iyakar kuskuren da ƙiyasin zai iya ɗauka. Ga gunduma baki ɗaya kuskuren ƙarami ne, amma ga unguwa guda yana iya yin girman da zai sa bambancin da ka gani tsakanin unguwanni biyu ya zama ba abin dogaro ba. Yankunan da mutanensu suka kai 65,000 suna samun ƙiyasin shekara ɗaya, ƙananan yankuna kuwa sai ƙiyasin da aka tara na shekara biyar.

Ka fara da jera ƙidayoyi da dama, kada ka tsaya a ta ƙarshe. A 1940 mutanen Fairfax ba su wuce 41,000 ba, kuma a lokacin an fi saninta da kiwon shanu da samar da madara. A 1950 sun kusa 99,000, a 1970 sun haura 450,000, a 1990 sun haura 800,000, a 2010 sun kai 1,081,726, a ƙidayar 2020 kuma 1,150,309, abin da ya sa ta fi kowace gunduma ko birni yawan jama'a a Virginia. Wannan jeri yana faɗin abubuwa biyu. Na farko, bunƙasar gwamnatin tarayya tun daga yaƙin duniya na biyu ce ta cika gundumar da ma'aikata masu neman gida. Na biyu, wanda sau da yawa ba a lura da shi, saurin ƙaruwar ya ragu ƙwarai, domin filin gini ya kusa ƙarewa kuma gidaje sun yi tsada, sai matasa masu sabon iyali suka riƙa matsawa gaba zuwa Loudoun da Prince William. Gundumar da ta kai wannan matsayi damuwarta takan koma kan tsofaffin mazauna da gyaran tsofaffin makarantu da bututun ruwa, maimakon share sababbin filaye.

Daga nan sai ka sauka zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, waɗanda kowannensu ke da mutum kimanin 4,000. A nan ne aikin yake da daɗi, a nan ne kuma ya fi buƙatar haƙuri. Kusan mutum uku cikin goma na mazauna Fairfax a wata ƙasa aka haife su, sauyin da ya samo asali daga dokar shige da fice ta 1965 wadda ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka da sauran sassan duniya. Amma ba a warwatse suke daidai wa daida ba. A Annandale za ka ga allunan shaguna da rubutun Koriya, a Herndon da Chantilly akwai 'yan Indiya da yawa, a Bailey's Crossroads da gefen babban titin Richmond Highway kuwa akwai iyalai da yawa daga Amurka ta Tsakiya, musamman El Salvador, tare da mutanen Habasha da sauran ƙasashen Afirka.

Game da samun kuɗi, nemi adadin tsakiya, wato abin da gidan da ke tsakiyar layi yake samu idan aka jera gidaje daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa. Ya fi inganci a kan matsakaicin da ake samu ta hanyar tarawa da rabawa, domin attajirai kaɗan suna iya ɗaga wancan sama. A 'yan shekarun nan adadin tsakiya na Fairfax ya haura dala 130,000 a shekara, kusan ninki biyu na na ƙasar baki ɗaya. Wanda ya tsaya nan zai ɗauka kowa a wadace yake. Idan ya buɗe taswirar ƙananan yankuna zai ga McLean da Great Falls sun yi nisa sama, zai kuma ga rukunin gidajen haya a Culmore da gefen Richmond Highway inda iyalai biyu kan raba gida ɗaya don su iya biyan haya. Waɗannan su ne masu goge ofisoshi da masu gini da masu kula da yara da tsofaffi, waɗanda gundumar ba za ta yini ɗaya ba tare da su ba, kuma rubutun da ya manta da su bai cika ba. Don haka kullum ka ajiye kuɗin haya da farashin gida kusa da adadin samu, ka duba kashi nawa na gidaje ne ke kashe fiye da kashi 30 cikin ɗari na samunsu a kan muhalli, domin wannan ne ma'aunin da hukumomin Amurka ke amfani da shi wajen gane wanda nauyin gida ya danne.

Daga ina kuɗi ke shigowa

Tambaya ta farko ita ce ko gundumar wurin kwana ce kawai ko kuwa tana da ayyukanta. Akwai bambanci tsakanin ayyukan da ke cikin gunduma da ayyukan da mazaunanta ke yi, kuma alƙaluma biyu ne dabam. Hukumar ƙididdigar ƙwadago, BLS, tana lissafa ayyuka bisa inda wurin aikin yake, binciken ACS kuma bisa inda ma'aikacin yake kwana. Hukumar Ƙidaya tana da wata manhaja mai suna OnTheMap da ke nuna mutum nawa ke shigowa aiki da safe, nawa ke fita, nawa kuma ke aiki a cikin gida. Fairfax ta fara ne a matsayin wurin kwanan ma'aikatan Washington, amma yanzu tana da ayyuka fiye da rabin miliyan, kuma mutane da yawa daga gundumomin maƙwabta suna shigowa cikinta kowace safiya.

Tambaya ta biyu ita ce wane ne babban mai saye, kuma amsarta ba ta fitowa daga jerin sunayen kamfanoni kaɗai. A Fairfax akwai hedkwatar hukumar leƙen asiri ta CIA a Langley, da sansanin soja na Fort Belvoir, da Jami'ar George Mason, da manyan ofisoshin kamfanonin Capital One da Hilton da Mars. Akwai kuma General Dynamics da Northrop Grumman da Booz Allen Hamilton da Leidos. Waɗannan na ƙarshe kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma a teburin alƙaluma ma'aikatansu suna fitowa ne a rukunin ayyukan ƙwararru da na fasaha, amma mafi yawan kuɗinsu daga kwangilar gwamnatin tarayya yake zuwa. Ma'ana, injiniyan kwamfuta da ke aiki a wani dogon bene a Reston, albashinsa yana rataye da kasafin kuɗin da majalisar dokokin Amurka ke zartarwa, ko da bai taɓa zama ma'aikacin gwamnati ba. An ga haka a 2013, lokacin da aka zaftare kasafin tarayya kuma ayyukan gwamnati suka tsaya na kwana 16, an kuma sake gani a tsaikon kwana 35 da ya fara a ƙarshen 2018. A wata gundumar babban mai sayen yana iya zama masana'antar motoci ko tashar jiragen ruwa ko harkar man fetur, amma tambayar ɗaya ce: idan wannan tushe ya girgiza, mutum nawa ne za su ji a jikinsu?

Kasafin kuɗin gundumar shi ne takarda ta ƙarshe da ya kamata ka karanta, kuma a fili yake a shafinta na intanet. Majalisa mai mutum goma ce ke mulkin Fairfax, tara daga mazaɓu, shugaba kuma daga ƙuri'ar gundumar baki ɗaya. Dokar Virginia ba ta ba gundumomi ikon karɓar harajin albashi ba, saboda haka mafi yawan kuɗin shigar gundumar daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, sai kuma harajin da ake biya a kan motoci duk shekara. Harajin gida ya ɗan haura dala ɗaya a kan kowace dala 100 ta ƙimar gidan, wato gidan da aka yi wa ƙimar dala 700,000 mai shi zai biya fiye da dala 7,000 a shekara. Kimanin rabin kasafin yana tafiya ne ga makarantun gwamnati, waɗanda ke da ɗalibai wajen 180,000. A nan ne ƙasa da mutane da kuɗi suke haɗuwa, domin makarantu masu kyau suna jawo iyalai, iyalan suna ɗaga farashin gidaje, farashin kuma yana ƙara harajin da ke riƙe makarantun. Ofisoshi da kantuna suna ɗaukar wani kaso na wannan nauyi, shi ya sa yawan ofisoshin da suka zama ba kowa tun bayan annobar korona ta 2020, lokacin da aiki daga gida ya yawaita, ya zama abin damuwa har ga magidancin da bai mallaki ofis ba. Idan ƙimar dogayen benayen Tysons ta faɗi, giɓin yakan koma kan masu gidaje.

Idan ka gama da takardu kuma kana da halin zuwa, to gani ya kori ji. Zaɓi ranar aiki, ka bi hanyar da za ka riƙa bi da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, domin tazarar mil goma a kan I-66 ko I-495 tana iya cin minti goma sha biyar da tsakar rana, ta ci kusan sa'a guda da safe. Shigar da ainihin adireshin gidan a shafin gundumar don ka ga ƙimarsa da harajinsa da nau'in ƙasarsa, ka shigar da shi kuma a shafin hukumar makarantu don ka san makarantar da aka ware wa wannan titi, tunda gidaje biyu da ke kallon juna suna iya faɗawa makarantu dabam-dabam. A cikin rubutunka kuwa, kowane adadi ka haɗa shi da shekararsa da hukumar da ta fitar da shi da iyakar da aka auna, ka kuma nuna ko daga ƙidaya ya fito ko daga ƙiyasi.